Me ya sa kuɗin cefane ba ya kai ƙarshen wata?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a unguwar Yalwa a Garwa, arewacin Kamaru. Ya ce shekara biyu ke nan suna samun saɓani da mai ɗakinsa kan kuɗin cefane. Yakan ba ta abin da ya lissafa zai kai wata, amma kafin ranar 20 sai ta ce babu. Da abin ya ishe shi ya karɓi cefanen da kansa, sai ga shi ya kashe fiye da abin da take kashewa, ya kuma dawo gida da kayan da ba su cikin lissafinsa. Yana so ya sani: rashin tsari ne daga gare su, ko kuwa gaskiya ne abin da ake faɗa cewa wasu 'yan kasuwa suna da maganin jawo mai saye?

Malam, kafin komai ka sauke zargin nan daga kan uwargida. Gwajin da ka yi da kanka ya riga ya wanke ta. Mutum biyu masu hali daban sun shiga kasuwa ɗaya da kuɗi ɗaya, dukansu sun fito da giɓi, to wurin da aka shiga da halin da aka shiga cikinsa su ya kamata a fara tuhuma. Aikina koyar da ilimin kasuwanci ne, na kuma daɗe ina zama da ƙungiyoyin adashi da ƙananan 'yan kasuwa tsakanin Garwa da Marwa. Abin da na gani shi ne yawancin shawarar saye an gama yanke ta tun kafin mutum ya buɗe baki ya yi tayi. Lokacin da ka shiga, zafin ranar, irin takardar kuɗin da ke aljihunka, wanda ke tsaye kusa da kai yana kallo, kwana nawa ke nan da aka biya albashi, waɗannan ne suke yanke ta. Batun magani kuwa, abin da ya same ka ba ya buƙatar laya ko turare kafin ya faru. Ɗan kasuwar da ya goge ya san duk waɗannan abubuwa ta hanyar zama da mutane, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Mu fara da jikinka. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Mutumin da ya taso daga wurin aiki da tsakar rana, gumi na tsiyaya, ba zai zagaya rumfa huɗu yana kwatanta farashi ba. Rumfar farko mai inuwa ita ce kasuwarsa, kuma farashin da aka faɗa masa kusan shi zai biya, don burinsa ya fita. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka kama, kuma kowa ya ga yadda cefanen bayan la'asar yake: mai ƙishirwa yana sayen kankana da lemo da mangwaro da ƙanƙara na gida uku, a sha ruwa a ci kaɗan, sauran ya kwana. Idan ga wuta sai a adana. Amma madatsar Lagdo, wadda take ba yankin arewa wuta tun 1982, ruwanta yakan ja baya da rani, wuta ta yi ƙaranci daidai lokacin da aka fi buƙatar firji. Gidan da ba ya iya adana tumatir da nama dole ya saya kullum, kaɗan-kaɗan, kuma sayen kaɗan-kaɗan ya fi kowane saye tsada. Ka auna man gyaɗan da ake zuba maka a 'yar leda na sefa 100 sau nawa zai cika lita, ka kwatanta da kuɗin lita guda, za ka gani da idonka.

Sai wurin kansa. A 1982 wani malamin ilimin kasuwanci a Amurka, Ronald Milliman, ya yi gwaji a wani babban kanti. Wasu ranaku a sa kiɗa mai sauri, wasu ranaku mai sanyi. A ranakun mai sanyi masu saye sun rage saurin tafiya, ciniki ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari. Ba na son a ɗauko wannan a dasa shi kai tsaye a babbar kasuwar Garwa, domin mu ba kiɗa ke tsayar da mu ba. Amma tushen abin ɗaya ne: duk abin da ya tsawaita zamanka a gaban kaya yana ƙara abin da za ka saya. A wurinmu benci ne yake wannan aikin, da doguwar gaisuwa, da kofin ruwan sanyi. Ka zauna, ka sha ruwan mutum, ya tambayi iyali da yara, yaron shago ya hau ya sauko da turmi shida na atamfa ya baje a gabanka, to tashi ba tare da ka sayi komai ba ya zama abin kunya. Ba na kiran wannan yaudara. Mutunci ne na gaske, kuma ina son kasuwarmu saboda shi. Sai dai ka san yana da kuɗi. Idan tambayar farashi kawai ta kai ka, ka yi ta a tsaye, ka ce za ka zagayo.

Ka kuma lura da abin da ke tarye ka a bakin kasuwa da wajen da 'yan kilando, wato masu baburan haya, ke jiran fasinja: tsire, soyayyen kifi, 'ya'yan itace, takalman yara, kayan waya. Hatsi da mai da sabulu sai ka shiga ciki. Wanda ya fara saye daga ƙofa, kafin ya isa wurin masu dawa ya riga ya taɓa kuɗin dawa. Ka ratsa ka wuce, ka fara da abin da gida ba ya kwana babu shi, abin da ya rage shi ne na marmari. Kashin tumatir da aka ɗora manya a sama, da gyaran da ake ƙara maka don ka ji daɗin ƙara kashi na biyu, duk aiki ne da ake yi a kan ido. Wannan tsohon abu ne. Hadisi ya zo cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya sa ka kashe fiye da uwargida, wato ciniki. A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, wanda aka shirya ya tsaya a kan 10 ko 65. Sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen 45. Lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar, amma ta ja tunaninsu. To ina ga lambar da mai kaya ya faɗa da gangan? A misali ya ce 15,000. Kai kuma ka taya 7,500 kana jin ka yi ƙoƙari, ya ce albarka. A ja a ja a sallama a 10,000. Ka tafi gida kana murnar an rage maka 5,000, alhali maƙwabcinka ya sayi irinsa a 8,000. Duk cinikin a kan lambarsa aka yi shi. Kuma lambar farkon ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai kaya yana kallon shaddarka da takalminka da wayar da ke hannunka kafin ya buɗe baki. Uwargida kuwa ta san farashin jiya, ta san na makon jiya, tana da mai kayan miyan da ta saba da ita, kuma ba ta jin nauyin juya baya ta tafi saboda sefa 50. Wannan sani dukiya ce a gidanka. Idan za ka sayi babban abu, ka fara tambayar wanda ya saya kwanan nan, ka shiga da taka lambar a kai.

A kasuwar dabbobi abin ya fi haka zafi. Kana taya rago sai wani ya matso ya taya sama da kai, ba don zai saya ba. Shari'a ta hana wannan, kamar yadda ta hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi. Ka ga tun wancan zamani an san cewa inda aka yi ciniki da waɗanda ke tsaye a wurin suna canza farashi.

Akwai wata ɓaraka da na fi so ka kula da ita, domin ita ce ba a gani kuma kullum take aiki: canji. Duk mai zama a ƙasashen da ke amfani da sefar Afirka ta Tsakiya, daga Ngaundere har Njamena, ya san kalmar "babu canji". Ka sayi abin 425 ka ba da 500, a miƙo maka alewa uku ko kwalin ashana ko dunƙulen Maggi. Ko a ce, "Alhaji, cika ya zama 500." Ko ka bar 75 ɗin da sunan za ka karɓa gobe, gobe kuma kai da mai shagon duk kun manta. Ƙarancin sulalla ya yi tsanani har babban bankin yankin, BEAC, ya fito da sababbi a watan Afrilun 2025, ciki har da na sefa 200 wanda a da babu shi. Illar ƙarancin ba a kan mai saye kaɗai ta tsaya ba, tana tura farashin kansa sama. Abin da ya kamata ya tashi daga 100 zuwa 110 sai ya yi tsalle zuwa 125 ko 150, saboda babu yadda za a mayar da canjin 110. Ka yi lissafi mai sauƙi. Idan tsakanin kai da uwargida da yaran da ake aika kuna rasa sefa 150 a rana ta wannan hanya, a wata 4,500 ke nan, a shekara 54,000. Babu wanda ya sata, babu wanda ya yi almubazzaranci, amma sun tafi.

Takardar 10,000 kuma tana da hali biyu. Muddin tana ninke a gida tana tsare kanta, don mutum yana jin nauyin fasa ta saboda ƙaramin abu. Ranar da aka fasa ta kuwa, canjin kamar ruwa a kwando ne. Ka shiga kasuwa da ita don abin 2,000, mai kaya ya ce sai ka ƙara saye kafin ya iya ba ka canji, sauran kuma ya zama "kuɗin aljihu" a tunaninka, ya fita daga lissafin wata. Don haka manyan takardu su zauna a gida. Ka fasa su a wurin da ake da canji da yawa, kamar gidan mai ko wurin da kake sayen buhu, ka raba kuɗin cefane mako-mako cikin ƙananan takardu da sulalla. Yaron da za a aika a ba shi daidai kuɗin abin. Wannan kaɗai na ga ya gyara lissafin gidaje da dama.

Kuɗin waya ya rage matsalar canji ta wani gefe, ya buɗe wata. Da Orange Money ko MTN MoMo a nan Kamaru, ko Airtel Money a Cadi, kuɗi suna fita ba tare da ka ƙirga su da yatsa ba. A 2001 wasu malamai biyu a Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun sa ɗalibai su taya tikitin kallon wasan ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce za su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce za su biya da tsaba. Zafin rabuwa da kuɗi yana raguwa idan hannu bai taɓa su ba. Ga kuɗin cirewa, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa a kan turawa da cirewa tun Janairun 2022, kowanne ƙarami ne amma a maimaice suke zuwa. Wayar kuma ta shigo da kasuwa har ɗaki. Da sai mace ta yi shiri ta fita kafin ta ga sabon leshi, yanzu tana kwance masu sayarwa suna jera mata shi a WhatsApp da Facebook, da "saura biyu" a ƙasan hoton.

Duk da haka, idan ka tambaye ni mene ne ya fi ƙarfi cikin abubuwan da ke kewaye da mai saye a ƙasarmu, zan ce idon mutane. Kanti a Turai yana kashe kuɗi kan fitila da ƙamshi don ya motsa mai saye. Mu kuwa dangi da maƙwabta da abokan aiki ne suke motsa mu, kuma ba a kasuwa kaɗai ba. An fitar da anko, uwargida ba za ta je bikin ƙanwar kishiyar yayarta da tsohon zane ba. An yi haihuwa, akwai bikin da aka yi mata lokacin nata sunan wanda dole ta mayar, har da ƙari. Baƙi sun sauka daga ƙauye, miyar yau sai da nama. Ina kyautata zaton wani ɓangare na kuɗin da kake kira na cefane a nan yake tafiya, kuma ba ta faɗa maka ba ne don ta san za ka ce ba dole ba ne, ita kuma ta san a cikin mata dole ne. Kai ma kana da naka. Wanda ya tare ka a ƙofar masallaci ranar da aka biya albashi, da ɗan'uwan da ya bugo ya ce "turo min ko kaɗan ne", ba a cikin lissafinka suke ba.

An yi bincike kan wannan a nan Kamaru. A 2011 Jean-Marie Baland da abokan aikinsa biyu sun duba littattafan wasu ƙungiyoyin ajiya da rance, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na rancen da aka ɗauka, masu shi suna da ajiyar da ta kai kuɗin ko ta fi a ƙungiyar. Mutum yana da kuɗinsa, amma ya zaɓi ya ci bashi ya biya ruwa. Da aka tambaye su dalili, suka ce don su iya nuna wa dangi cewa bashi ne a kansu, a rage roƙonsu. Wannan binciken yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi, domin yana nuna nauyin da mutane ke ɗauke da shi a ɓoye. Ba ina ce maka ka yanke zumunci ba. A ƙasar da yawancin mutane ba su da inshorar lafiya, danginka su ne za su tsaya maka ranar da ka kwanta, kuma bikin da uwargida ke mayarwa ajiya ce da za ta dawo ranar auren 'yarku. Abin da nake cewa shi ne a fitar da shi fili a ba shi nasa kaso. Ku zauna ku biyu ku ce ga na biki da gudummawa a wata, daban da na tukunya. Idan ya ƙare ya ƙare. Adashi ma yana taimakawa ta nan fiye da yadda ake zato, domin "kuɗin suna wurin uwar adashi" amsa ce ta gaskiya wadda kowa ke karɓa ba tare da an ɓata ba.

Ragon layya shi ne misalin da ya tara komai. Jajibirin salla, a tsakiyar gari, yara sun biyo ka, maƙwabci ya riga ya ɗaure nasa a ƙofar gida, dillali na cewa wannan bai dace da kai ba. A irin wannan wuri ba farashi kake biya ba, matsayi kake saye. Wanda ya je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ko ta Adumri ranar Alhamis makonni kafin salla, shi kaɗai ko da wanda ya san dabba, yana ciniki da hankalinsa a kwance, sai dai ya lissafa kuɗin harawa da dusa da na mota kafin ya ce ya ci riba. Sharuɗɗan layya kuwa shekarun dabba ne da lafiyarta, malamai ba su sa girman ragon maƙwabci a ciki ba.

Sai lokacin shigowar kuɗi. Kasuwa ta san ranar albashi kamar yadda ka sani. Ta kuma san lokacin kuɗin auduga. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa tana nan Garwa, yana sayen audugar manoma da rani, kuma da kuɗin sun sauka ƙauye 'yan kasuwa suke biyo su da babura da wayoyi da atamfa da katifu. Manomin da ya yi wata shida hannunsa babu komai, yau ga dunƙule a aljihu ga kaya a ƙofar gida. Zuwa Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne zai dawo yana sayen dawa da tsada, wani lokaci irin wadda ya sayar da araha da kaka. Ba wauta ba ce. Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, sun ga irin haka a yammacin Kenya: manoma suna cewa za su sayi taki, amma lokacin shuka kuɗin sun tafi. Da aka kai musu tayin sayen takin nan da nan bayan girbi, a kawo musu shi har gida kyauta, masu amfani da taki suka ƙaru sosai. Manoman ba su canza hali ba, lokacin tayin aka canza.

Kai ma haka za ka yi wa kanka. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka zauna a majalisa, ka biya abin da ba ya jira: buhun masara ko shinkafa, mai, sabulu, haya, da wani abu da za a ware don komawar yara makaranta a Satumba. Idan kana da wurin ajiya mai kyau, hatsin shekara a saye shi da kaka, wajen Nuwamba da Disamba. Kuma ka guji yanke shawarar kuɗi bayan ranar 20. Wani bincike da aka buga a 2013 kan manoman rake a kudancin Indiya ya nuna mutum ɗaya yana yin ƙasa a gwajin tunani kafin girbi, lokacin da yake cikin matsi, fiye da bayan an biya shi. Damuwar babu tana cinye hankali. A irin waɗannan ranaku ne ake buɗe littafin bashi a shagon unguwa, inda ba a ciniki kuma ba a tambayar farashi, sai ƙarshen wata a ga jimla.

Zan yi maka rashin adalci, in yi wa uwargida wanda ya fi, idan na bar ka da tunanin cewa duk giɓin daga dabarun kasuwa da idon mutane ne. Ka ce shekara biyu ke nan kuna wannan saɓani, to ka duba abin da ya faru da man fetur. A gidajen mai na Kamaru lita ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. A tsakani, ranar 29 ga Mayun 2023, shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Najeriya, sai zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda baburan arewa suka dogara da shi, ya yi tsada shi ma. Kayan da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa ta Duwala sai sun hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, sannan su kama hanyar Garwa da Marwa da Kuseri, kowane zango da kuɗin mansa. Na Najeriya kuma suna bin halin iyaka da na naira, kamar yadda mutanen Marwa suka gani tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsayar da hanyar Banki da Amcide. Tsadar mai tana kuma canza inda ake saye. Idan kuɗin kilando zuwa babbar kasuwa da dawowa ya cinye rangwamen da za a samu a can, mace mai hankali za ta saya a shagon unguwa da ɗan tsada, kuma lissafinta daidai ne. Abin da ya fi shi ne zuwa sau ɗaya a mako a sayo mai yawa, ko maƙwabta biyu su haɗa kuɗin mota su raba buhu.

Don ku raba wannan da wancan, ku sayi ƙaramin littafi ku yi wata guda kuna rubuta duk abin da ya fita, naka da nata, har alewar canji da kuɗin turawa ta waya. A gefen kowane abu a sa alama idan ba a yi niyyarsa ba kafin a fita daga gida. Ku rubuta tare, kada ya zama kai ne mai bincike ita ce ake bincika, domin idan ta ji tuhuma ce kuɗin biki ba za su shiga littafin ba. A ƙarshen wata ku tara masu alama. Su ne za ku iya ragewa ta hanyar canza lokacin zuwa kasuwa, da irin kuɗin da ake riƙewa, da ware na gudummawa. Marasa alama kuwa, wato dawa da mai da gawayi da kayan miya da kuka yi niyya kuka saya, idan jimlarsu kaɗai ta haura abin da kake bayarwa, to farashi ne ya tashi ya bar lissafinka a baya, sai ka ƙara kuɗin cefane daidai da abin da littafin ya nuna.